Ta'aziyyar Injiniya, Mai Tambayar "Me Za Ki Yi da Ita?"

Tun kafin ƙaninka ya buɗe baki na gane. Ina tsaye a ƙofar ɗakin kwamfuta da safiyar Laraba, tara ga watan Afrilu, ina jiranka, sai na hango babur ɗinka ya shigo harabar makaranta, amma ba kai ne a kai ba. Ƙaninka ya kashe shi nesa da ni, ya tako a hankali, ya miƙo mini makullai da hannu biyu. Makullan nan ne masu ɗaure da filashi uku na ajiyar bayanan kwamfuta, waɗanda a shekara bakwai da na san ka ban taɓa ganin ka ba wani ya riƙe ba. Ko alwala za ka yi, aljihu kake zura su. Da na gan su a hannun wani, sai na zauna a kan dakali.

Ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Bayan sallar asuba ya ce kansa na sarawa, ya ɗan kwanta. Kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Yau kwana goma sha biyar ke nan, Injiniya. Ni ba ma'abociyar rubutu ba ce, ka fi kowa sani. A aji shida karatuna ya tsaya, sauran abin da na iya a wurinka na koya, bayan na haura arba'in. Amma matan ajinmu sun ce ni ce na fi daɗewa tare da kai, don haka ni zan rubuta. Na ce to. Ina buga wannan ne a kan kwamfuta ta bakwai, wadda ke jikin taga, kuma duk wani ƙa da ɗa da ɓa da mai karatu zai gani a cikinsa da lanƙwasarsa, kai ka nuna mini inda suke.

Ga wanda bai san shi ba, mutumin da nake magana a kai mai gyaran kwamfuta ne. Kowa Injiniya yake ce masa, shi kuwa kullum sai ya ce, "Ni mai gyara ne, injiniyoyi suna can inda ake ƙerawa." Shagonsa ƙarami ne, tsakanin mai ɗinki da mai sayar da katin waya. In ka shiga sai ka karkace, don tsofaffin na'urori ne jere har rufi, kowace da 'yar takarda manne a goshi, an rubuta sunan mai ita da abin da ke damunta. Akwai benci ɗaya na baƙi, da fanka mai kuka, da gwangwanin madara cike da ƙananan kusoshi. Shekararsa hamsin da biyu. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, da mahaifiya tsohuwa, da mu mata ashirin da uku da ba mu haɗa jini da shi ba, amma muka yi kukan da 'yan uwa suke yi.

Ranar da na fara shiga shagonka, haushinka na ji. Tagwayena sun shiga sakandare, makaranta ta ce a nema musu kwamfuta, ni kuma ban san komai a kai ba. Na ji yara suna gardama a gida, wannan ta ce Windos, waccan ta ce Mak, ɗan maƙwabta ya leƙo ya ce ai Linuks ta fi duka. Na zo wurinka da tambaya ɗaya, na ce, "Malam, a cikin ukun nan wacce ta fi?"

Ba ka ko ɗago kai daga abin da kake kwancewa ba. Ka ce, "Me za ki yi da ita?"

Na ce, "Ikon Allah. Na zo da tambaya, an sallame ni da tambaya. In na san amsa me zai kawo ni?"

Sai ka yi dariya, ka ajiye sukuddireba, ka share mini benci da gefen rigarka. Ka ce, "Zauna, Maman Tagwaye. In mace ta zo wurin maƙwabcina tela ta ce wace riga ta fi, ai sai ya tambaye ta biki za ta ko gona." Daga ranar sunan Maman Tagwaye ya bi ni har yau.

A kan bencin nan ka yi mini bayanin da har gobe da shi nake koyar da wasu. Ka ce na'urar da nake gani gangar jiki ce kawai, ƙarfe da roba. Abin da ke tafiyar da ita, wanda ya san inda aka ajiye kowane hoto da kowace takarda, wanda ke buɗe wannan ya rufe wancan, shi ka sa wa suna uwar manhaja. Ka ce ukun da yara ke gardama a kansu duk uwayen manhaja ne, kowace da halinta. Da ka ga sunayen suna yi mini nauyi a baki, sai ka raɗa musu namu. Ta farko Mai Taga, don ma'anar sunanta ke nan a Turance. Ta biyu Mai Tuffa, saboda hoton da ke bayan murfinta. Ta uku Mai Tsuntsu, saboda wani tsuntsu mai tumbi, fari da baƙi, da ke zaune kamar ya ci ya ƙoshi. Yanzu duk unguwar nan haka ake kiransu, har waɗanda ba su san daga bakinka sunayen suka fito ba.

Ka tambaye ni wacce ake amfani da ita a makarantar yaran. Na kira su a waya, suka ce Mai Taga. Ka ce, "To magana ta ƙare. Mai Taga kamar gida ne a bakin babban titi. Kowa ya san hanya, kowane mai gyara ya san cikinsa, duk abin da yara za su nema akwai. Sai dai gidan bakin titi yana son kulle ƙofa. Kada su riƙa buɗe duk abin da aka turo musu, kuma in ta ce za ta sabunta kanta, a bar ta ta gama, ko da ana sauri." Na fita da tsohuwar Mai Taga a cikin buhu. Ita ta kai yaran nan har ƙarshen sakandare.

Daga baya na fahimci cewa tambayar nan ba da ni kaɗai ka yi ta ba. Kowa ya sha ta. Akwai ranar da mai ɗaukar hoton biki ya zo ina zaune, yana kukan cewa na'urarsa na shaƙewa in ya ɗora mata bidiyo mai nauyi. Ka tambaye shi irin aikinsa, ka tambaye shi wayar da yake riƙe da ita, ka tambaye shi abokan aikinsa da me suke haɗa nasu. Sannan ka ce, "Kai Mai Tuffa ce ta dace da kai. Gida ne da aka gama shi da kayan ɗakinsa, ka shiga kawai ka zauna, komai ya san ɗan'uwansa. Amma ka sani tana da tsada, kuma ba ta cika son a rushe mata bango a ƙara ɗaki ba. Ni ban ƙware a cikinta ba. Je ka wurin mai gyara na bayan tasha, ya fi ni saninta."

Da ya fita na ce, "Injiniya, kana korar abincinka da hannunka." Ka ce, "In na riƙe shi, bayan wata uku zai dawo yana zagina, kuma da gaskiyarsa."

Kowa ya san zuciyarka na wurin Mai Tsuntsu. Ita ce a kan taka na'urar. In ka fara yabonta sai an tuna maka shayinka ya huce. Kana cewa mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka taru suka gina ta, suka bar ƙofa a buɗe, duk mai so ya ɗauka, ba sata ba ce, ba roƙo ba ne. Duk da haka, da mai kemis na kan kwana ya zo ya ce shi ma a sa masa ita tunda kana yabonta, hana shi ka yi. Ka ce manhajar da yake duba magungunansa da ita a kan Mai Taga kaɗai take tafiya, kuma ba a wasa da wurin da ake ba marasa lafiya magani. Ya ce, "Ashe kai ma ba ka yarda da tsuntsun naka ba." Ka ce, "Na yarda da shi. Kai ne ban yarda zai yi maka ba." A wurin na koyi cewa son abu daban, sanin wanda ya dace da shi daban.

Shekara uku da suka wuce wani ofis ya sauya na'urorinsa, za a zubar da tsofaffi goma sha biyu. Kai ka je ka roƙo su, ka yi sawu shida a kan babur kana kwaso su bibbiyu. Kai ka je wurin shugaban makarantar firamaren unguwa ka nemo mana ɗakin da ke ƙarshen baranda. Kai ka bi gida-gida kana cewa matan da karatu ya wuce su su zo su koyi na'ura, ranar Asabar da Lahadi, ba a karɓar komai. Ka ce ni zan riƙe ajin in ba ka nan. Na ce ni da aji shida? Ka ce, "Wanda ya sha wuya kafin ya gane, shi ya fi iya koyarwa. Ni na manta yadda rashin sani yake."

A ɗakin nan na ga abin mamaki. Mai sayar da kayan miya ta koyi rubuta wa ɗanta wasiƙa ba tare da ta nemi wani ya ji sirrinta ba. Wata da mijinta ya rasu ta cike takardar neman aikin shara a asibiti da hannunta, kuma ta samu. Babbarmu ita ce tsohuwar ungozoma, wadda muke kira Inna, shekararta saba'in da ɗoriya, idonta ya yi rauni. Ranar farko ta ƙi taɓa ɓeran kwamfuta, ta ce ita duk abin da ake kira ɓera ba ta sa masa hannu. Ka ce, "Inna, wannan ba ya cin hatsi." Ta ce, "Kai ɗan nan, ni na karɓi haihuwar rabin unguwar nan, kada ka maishe ni abin wasa." Ka durƙusa a gefenta, ka ƙara mata girman haruffa har kowane ya kai ɗan yatsa, ka sa fuskar na'urar ta yi baƙi rubutun ya yi fari. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Au, ashe rubutu ne. Da na ɗauka tururuwa ce." Yanzu tana rubuta abin da ta sani na kula da mai jego, shafi ɗaya a mako.

Amma na'urorin tsofaffi ne, kuma tsohuwar Mai Taga ce a kansu, wadda zamaninta ya wuce. Sabuwar kuwa tana son na'ura mai ƙarfi, namu ba za su iya ɗaukarta ba. A bara sai suka fara nauyi. Ka kunna, ka je ka sha ruwa ka dawo, ba ta gama farkawa ba. Rabin lokacin aji a jira yake tafiya. Shugaban makaranta, wanda mutumin kirki ne amma ɗakuna sun yi masa kaɗan, ya fara cewa waɗannan ai sun zama tarkace, shi kuma yana da kujeru da littattafai da ba su da wurin ajiya.

Sai ka ce a gwada Mai Tsuntsu, don akwai irinta mara nauyi da tsohuwar na'ura ke iya ɗauka. Ba ka ɓoye mana komai ba. Ka tara mu ka ce, "Za ku ga wasu abubuwa sun sauya wuri. Wasu manhajojin da kuka saba ba za ku gan su ba, sai 'yan uwansu masu kama da su. Kuma in ta yi gardama, masu saninta a unguwar nan ba su da yawa. Amma ku faɗa mini, me kuke yi da su?" Muka ce rubutu, da wasiƙa, da duba abu a intanet, da cike takarda. Ka ce, "To duk wannan za ta yi, kuma da gudu." Ka sa ta a kan guda ɗaya tak, ka ce mu zauna da ita wata guda mu gani.

A kan wannan ta gwajin na yi kuskuren da ya kusa rufe mana aji. Ba na mantawa, kuma ina so a san yadda ka yi da ni.

Kafinta ya buɗe wurin aiki a bayan katanga, garin katako yana shigo mana ta taga. Na zauna na rubuta wa shugaban makaranta takarda, ina cewa ƙura tana shiga ɗakin tana kwanciya a kan na'urori, a taimaka mana da labule. Don takardar ta yi kyau, sai na zaɓi wani salon haruffa mai ado da na gani a ciki. Na sa a filashi na kai ofis. Da magatakarda ya buɗe a tasu Mai Taga, duk inda na sa harafi mai lanƙwasa sai wani ɗan akwati ya fito a madadinsa. Shi kuma don ya taimaka, sai ya bi akwatunan ya cike su da haruffa na kullum marasa lanƙwasa, ya buga, ya kai wa shugaba.

Aka aiko a kira mu, ni da kai. Muka tarar da shugaba da malamai biyu suna dariya har da hawaye. Ya ɗaga takardar ya karanta da ƙarfi: "Kura tana shiga dakin tana kwanciya a kan na'urori." Ya ce, "Maman Tagwaye, labule zai hana kura? Ai maharba za mu kira. Tun yaushe take kwana a makarantata ban sani ba?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma da dariyar ta lafa sai maganar ta zama babba. Ya juyo gare ka ya ce, "Injiniya, ka ga abin da nake gudu. Wannan tsuntsun naka ba ya jituwa da sauran. In matan nan suka koyi abin da in sun kai ofis zai zama akwatuna, me aka koya musu? Gara a haƙura da ɗakin."

Kana iya cewa ni ce na zaɓi abin da bai kamata ba, don haka ne gaskiya. Ba ka faɗa ba. Ka ce, "Malam, ba laifin Mai Tsuntsu ba ne, ba na Mai Taga ba ne. Laifin malamin ne da ya manta darasi ɗaya. Ara mini kujerar magatakarda minti biyar." Ka zauna, ka nuna masa cewa salon haruffan da aka yi rubutun da shi babu shi a tasu na'urar, wanda ta ɗauko a madadinsa kuma bai san haruffanmu ba. Ka sauya salon zuwa wanda duka biyun suka sani, nan take ƙurata ta dawo ƙura. Sannan ka nuna yadda ake kulle takarda kafin a fita da ita, yadda duk inda aka buɗe ta ba abin da zai motsa.

Shugaba ya ce ya ji. Amma ya kafa sharaɗi. Ranar Litinin, biyar ga Mayu, da za a koma hutu, kwamitin iyaye zai zagaya makaranta. In sun tarar da goma sha biyun nan duk suna tashi da sauri, kuma takardar da aka rubuta a kowace ta buɗu daidai a ofis, ɗakin namu ne. In ba haka ba, kujeru za su shiga. Ka ce ka yarda.

A hanyar fita na ce, "Me ya sa ka ɗauki laifina?" Ka ce, "Maman Tagwaye, ke kin yi kuskuren da mai ƙoƙari ke yi. Wanda bai damu ba ai ba zai ma nemi lanƙwasar ba."

Da aka yi hutu muka fara, kullum da safe kafin ka buɗe shago. Kana da tsarinka da ba ka taɓa tsallakewa. Kafin ka taɓa kowace na'ura sai ka kwashe duk abin da mata suka ajiye a ciki, ka adana a wuri biyu, ko da rubutun layi ɗaya ne. Kana cewa abin da mutum ya rubuta amana ne. Bayan haka sai ka tashe ta daga filashi ba tare da ka goge komai ba, abin da kake kira ɗanɗano, ka duba sauti, ka duba intanet, ka duba ko tana magana da firinta. Sai duk sun amsa sannan ka girka. Ƙarshe ka sa haruffanmu, ka buga ƙa, ɗa, ɓa, ka kulle takardar, ka aike ni ofis in buɗe in gani da idona.

Biyar na farko kai ka yi ina kallo, ina rubutawa a littafina. Da muka zo ta shida sai ka ja kujera baya, ka zura hannuwanka biyu a aljihu. Ka ce, "Bismillah." Na ce, "Injiniya, kada ka sa in kashe musu na'ura." Ka ce, "Tun a ofis aka yanke mata hukuncin juji. Duk abin da kika yi mata alheri ne." Na yi bismillah na fara. Da na zo wurin da take tambaya ko a goge komai, na juyo na dube ka, ka kau da kai kana kallon rufi kana fito. Sai da na tuna da kaina cewa mun riga mun kwashe, na danna. Ta tashi.

Ta bakwai ranar Talata muka yi ta, kwana ɗaya kafin rasuwarka. Wannan karon ko zama ba ka yi ba, kana bakin ƙofa kana gardamar ƙwallo da mai gadi. Da na gama na kira ka, ka leƙo, ka ga ƙa da ɗa da ɓa a fuskar na'ura, ka ce, "To ni me ya rage mini a nan? Gobe ki zo da shayi kawai, ni ne ɗan kallo." Ka kulle ɗakin, ka hau babur. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Bayan mako guda da rasuwarka shugaban makaranta ya same ni. Wallahi da tausayi ya zo. Ya ce, "Maman Tagwaye, tunda mai aikin Allah Ya karɓi abinsa, kada ki ɗora wa kanki. Zan yi wa kwamiti bayani, ko a ɗaga, ko a san yadda za a yi." Wani malami da ke tare da shi ya ce ya san mai gyaran da zai sa mana sabuwar Mai Taga ta bayan fage a kan sauran, ko da za su yi nauyi, a dai nuna wa kwamiti sun kunnu.

Na ce, "Malam, na gode. Amma Injiniya bai taɓa sa wa kowa manhajar da ba ta halal ba, ba kuwa za a fara a ɗakinsa ba. Kuma ba don idon kwamiti muke yi ba, don matan da za su zauna a gabansu ne. Ranar nan da ka sa, ka bar ta inda take."

Ya dube ni ya ce, "Ke za ki yi?" Na ce, "Ta shida da ta bakwai wa kake tsammani ya yi?"

Ranar Asabar na buɗe ɗakin da makullanka. Inna ta zo ta zauna kusa da ni, ta ce ita ba ta san komai ba amma za ta riƙa yi mini addu'a, in kuma na yi kuka ta mare ni. Na bi littafina layi-layi. Na kwashe, na adana a wuri biyu, na yi ɗanɗano, na girka, na sa haruffa. Ta takwas ta tashi kafin azahar. Ban yi kuka ba sai da na kai takardar ofis ta buɗu daidai, na juyo in faɗa maka.

Injiniya, na shaida ka yi zaman lafiya da mutane. Ba ka taɓa sa wanda bai sani ba ya ji kunyar rashin saninsa. Ba ka taɓa leƙa hoton wani ko wasiƙarsa don na'urarsa ta kwana a shagonka ba. Ba ka sayar wa mutum abin da kake so, sai abin da zai amfane shi. Allah Ya jiƙanka da rahamarSa. Allah Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata maka kabarinka, Ya haskaka shi. Yadda ka sauƙaƙa wa bayinSa abin da ya yi musu wuya, Allah Ya sauƙaƙa maka hisabi. Duk harafin da wata mace ta rubuta a ɗakin nan, Allah Ya kai ladan gare ka, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarka.

Ina miƙa ta'aziyyata da ta matan ajinmu ga mahaifiyarka, wadda ta ce mini ita ta ɗauka kai za ka rufe ta. Allah Ya ba ta juriyar da ta fi ƙarfinmu. Ga maiɗakinka, 'yar'uwata, wadda shekara uku tana haƙuri da Asabar da Lahadinta saboda mu, ba ta taɓa ɗaure mana fuska ba: Allah Ya saka miki, Ya dafa miki, kuma ki sani kina da yayye da ƙanne ashirin da uku. Ga 'ya'yanka huɗu, Allah Ya raya su a kan halinka, Ya yi musu albarka. Ga ƙaninka da sauran dangi, da maƙwabtan shago, da duk wanda ya taɓa zama a kan bencin nan, Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Huɗu suka rage. Ta tara da ta goma zan yi su gobe da jibi, in Allah Ya yarda. Ta sha ɗaya firinta ce ba ta ji, ina da zaton na san dalili. Ta sha biyu kuwa ko filashin ba ta gani, kuma babu wannan a littafina, sai na nemo. Kwana goma sha ɗaya ne tsakaninmu da ranar kwamiti.